Tsaunukan da Muke Gani a Fim: Ina Suke, Kuma Ta Ina Mutumin Gombe Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ni da uwargida da kallon fina-finan Indiya muka tashi, yanzu kuma na Turkiyya sun ɗauke mana hankali. Mun sauke farali, mun kuma tara ɗan abin da Allah Ya hore, muna so mu je mu ga tsaunukan nan masu dusar ƙanƙara da korayen filaye da idonmu. Ban da Saudiyya ba mu taɓa fita ko'ina ba. Indiya za mu nufa ko Turkiyya, kuma me ya kamata mu fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya karɓi ibada, Ya ƙara buɗi. Kafin a kai ga zancen biza da tikiti akwai abin da ya kamata ka fara warwarewa, domin a kansa ne mutane suka fi tafka asara: ƙasar da labarin fim ya ce ana ciki daban take da ƙasar da aka kafa kyamara. Da yawa daga cikin tsaunukan da kuka gani a waƙoƙin Indiya na shekarun 1990 ba a Indiya suke ba. A Suwizalan suke, tsakiyar Turai.

Daga shekarun 1960 zuwa na 1980, Kashmir ce dandalin masu fim na Bombay (Mumbai ta yau): Tafkin Dal na Srinagar da kwale-kwalensa masu rumfa, filayen Gulmarg, da Pahalgam. Har akwai wani kwari kusa da Pahalgam da jama'a suka koma kira Betaab, saboda fim ɗin 1983 mai wannan suna da aka ɗauka a wurin. Da rikici ya ɓarke a Kashmir a 1989, masu fim suka naɗe tabarmarsu. Raj Kapoor ya riga ya gwada Suwizalan tun a Sangam na 1964, amma Yash Chopra ne ya mayar da ita gida, a fina-finai irin su Chandni na 1989 da Darr na 1993. Ɗansa Aditya ya ɗauki wani babban kaso na Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 a Saanen da Gstaad da Zweisimmen. Mutanen Suwizalan sun ga irin baƙin da wannan ya jawo musu, shi ya sa a 2016 suka kafa mutum-mutumin Yash Chopra a garin Interlaken. Wanda ya yanki tikitin Mumbai yana neman waɗannan filaye, zafi da gumi da cunkoso zai tarar.

Ba Indiyawa kaɗai ke yin haka ba. Makka da Madinar da aka nuna a Ar-Risala na 1976, wanda kusan kowane gida ya kalla, gina su aka yi a Maroko, daga baya aikin ya koma Libiya. Tantunan ƙabilar Kayi na shirin Ertugrul, wanda tashar TRT 1 ta nuna daga 2014 zuwa 2019, ba a cikin wani daji mai nisa suke ba. A Riva suke, gundumar Beykoz, gefen Santambul.

To yaya za ka gano ainihin wurin? A rubutun da ke hawa a ƙarshen fim ake gode wa garuruwa da hukumomin da suka ba da izinin ɗauka. Matsalar ita ce kwafin da aka fassara zuwa Hausa, wanda ake tura mana a waya a shaguna, galibi an datse wannan rubutu. Don haka ka nemi asalin sunan fim ɗin, ka sa wani yaro mai wayon intanet ya buɗe maka shi a IMDb, inda akwai sashen da ke jera wuraren ɗauka. Idan waƙa guda ce ta tsaya maka a rai, ka tsayar da hoton daidai inda dutsen ko cocin ko tashar jirgin ƙasa ta fito sarai, ka ɗauke shi, ka saka a Google Lens. Da ka samu sunan garin, ka buɗe shi a Google Maps, ka tsallake hotunan kamfanonin yawon buɗe ido, ka nemi waɗanda matafiya suka ɗauka da wayarsu, sababbi, ka duba watan da aka ɗauke su. Abin da ka gani a nan shi ne za ka biya kuɗi ka je ka tarar.

Dalilin wannan binciken shi ne, abin da kyamara ke nunawa an yi masa kwalliya iri-iri. Masu ɗaukar hoto ba sa son rana tsaka. Suna jiran sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta, lokacin da haske ke zuwa a kwance ya ba komai launin zinariya. Waƙar minti biyar kan ci kwanaki ana jiran wannan haske. Bayan an gama, a ɗakin editin ake ƙara wa ciyawa kore, a ƙara wa sama shuɗi. Akwai kuma gilashin kyamara mai jawo nesa, wanda ke matse tazara, dutsen da ke nisan kilomita 20 ya zama kamar a ƙeyar jaruma yake. An biya kuɗi an killace wurin, an kori jama'a, an kauce wa falwayoyi da motocin haya. Hoton da aka ɗauka daga sama da jirgi mara matuƙi kuwa, ƙafarka ba za ta taɓa taka inda aka ɗauke shi ba. Wani lokaci ma ƙari ake yi: a fim ɗin The Beach na 2000, da kwamfuta aka dasa dutse don gaɓar Maya ta ƙasar Tailan ta zama a rufe ruf. Duk da haka mutane suka yi ta tururuwa har murjanin ruwan ya lalace, hukuma ta rufe wurin a watan Yunin 2018, ba ta sake buɗewa ba sai Janairun 2022, kuma an hana iyo. Ba ina cewa wuraren ba su da kyau ba ne. Suna da shi, wasunsu ma sun fi yadda aka nuna, domin kyamara ba ta ɗaukar iska da ƙamshi da faɗi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi kwalliyar kyamara ɓata wa matafiyi rai shi ne kuskuren wata. Mu nan damina da rani muka sani, can kuwa yanayi huɗu ne, kuma kowane hoto yana da makonninsa. Gonakin furen tulip da aka nuna a Silsila na 1981, a lambun Keukenhof na ƙasar Holan suke, kuma lambun kimanin mako takwas kacal yake buɗewa a shekara, daga wajen 20 ga Maris zuwa tsakiyar Mayu. Ka je a Agusta, ƙofa a kulle. Rawayen filayen mastad na arewacin Indiya a cikin sanyi suke fure, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a daidai wannan lokacin ne hazo ke rufe Delhi da Agra, jirage su yi ta jinkiri, mutum ya tsaya gaban Taj Mahal da safe bai ga ƙubbarsa ba. Shi Taj Mahal ɗin ma ba a buɗe shi ga masu ziyara ranar Juma'a.

Lura da wannan kuma, domin shi ne zuciyar tambayarka. Kun haɗa abu biyu a buri ɗaya, dusar ƙanƙara da korayen filaye, alhali a mafi yawan wurare ba sa zuwa tare. Lokacin da ƙanƙara ta sauka, ciyawa ta mutu, itatuwa sun kaɗe. Abin da ya sa jaruma ke rawa a kore a baiti na farko, a na biyu kuma tana cikin ƙanƙara, shi ne tsawo: an ɗauki na farkon a ƙasa, na biyun a ƙololuwar dutse inda ƙanƙara ba ta narkewa. A Suwizalan ana iya yin duka biyun a yini ɗaya tsakanin Yuni da Satumba, saboda jiragen ƙasa da motocin igiya da ke hawa duwatsun. Wannan shi ne ainihin abin da ta fi sauran ƙasashe da shi, kuma shi ake biyan tsadarsa.

Duk da haka, idan shawarata kake nema, kada Suwizalan ta zama tafiyarku ta farko. Turkiyya ta fi dacewa da ku, nesa ba kusa ba.

Jirgin Turkish Airlines yana tashi kai tsaye daga Abuja zuwa Santambul, tafiyar kimanin awa bakwai, babu sauka a wata ƙasa. Abincin halal ne kusan ko'ina, masallaci a kowace unguwa, Hajiya kuma ba za ta ji wani baƙunta da hijabinta ba. Sannan kusan duk hoton da ke ranku akwai irinsa a can, in kun zaɓi watan da ya dace. Idan furanni ne, a watan Afrilu Santambul ke cika da tulip, kuma lambun Emirgan kyauta ake shiga. Idan ƙanƙara ce, daga Disamba zuwa Maris ku hau jirgin ruwa daga Santambul zuwa gaɓar Mudanya, kimanin awa biyu, ku shiga Bursa, ku hau motar igiya zuwa dutsen Uludag, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,543. A Bursan ne kuma kaburburan Usman Gazi da ɗansa Orhan suke, ga babban masallacin Ulu Jami mai ƙubba 20. Idan korayen tsaunuka ne da hazo ke lulluɓewa, ku hau jirgin cikin gida zuwa Trabzon tsakanin Yuni da Satumba, ku nufi tafkin Uzungol, kimanin kilomita 100 daga garin, ko tudun Ayder a lardin Rize. Sai dai ku riƙe lema: Rize ce ta fi ko'ina ruwan sama a Turkiyya, shi ya sa ake noman shayi a wurin, kuma koren da kuke so ruwan ne ya kawo shi.

Game da Ertugrul, wurare biyu ne, kada a haɗa maka su. Filin ɗaukar shirin da ke Riva an buɗe shi ga masu ziyara da tikiti, ana shiga tantunan, ana wasan dawaki. Ka je da sanin cewa kayan aikin fim ne: katangar da ka ɗauka dutse ce, ka ƙwanƙwasa ka ji. Ainihin kabarin Ertugrul kuwa a Sogut yake, lardin Bilecik, kuma Sarkin Musulmi na Turkiyya Abdulhamid na Biyu ne ya sabunta gininsa a ƙarshen ƙarni na 19. Jirgin ƙasa mai sauri da ke zuwa Ankara yana tsayawa a Bilecik, daga nan mota ba ta cika awa guda ba. Ƙaramin gari ne, rabin yini ya ishe shi, sai fa a mako na biyu na Satumba da ake bikin tunawa da shi na shekara-shekara. A Santambul kanta kada ku tsara zuwa fadar Topkapi ranar Talata, a rufe take, kuma a nan ne ake ajiye kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa.

Balan-balan ɗin Kapadokiya, a tsakiyar Turkiyya, da ke tashi da mutane da asuba, waɗanda ake yawan nunawa, iska ke mulkinsu. Hukumar sufurin sama ce ke ba da izini kowace safiya, idan iska ta yi ƙarfi ba mai tashi. Kuskuren da ake yi shi ne kwana ɗaya a garin. Ku kwana uku, ku kama wuri a safiyar farko, idan an soke kuna da sauran damar biyu, kuma ku tabbatar a rubuce cewa za a dawo da kuɗi in an soke. Ba a ɗaukar mai juna biyu.

Maroko ita ce ta biyu a wurina, ga mai son ganin yadda ake ƙera fim. Daga Marrakesh mota na hawa mashigar Tizi n'Tichka, mita 2,260, ta gangara Warzazat cikin kimanin awa huɗu, hanya mai kwana-kwana, mai amai a mota ya sha magani tun da wuri. A Warzazat situdiyon Atlas yake, kilomita 30 daga nan kuma akwai tsohon garin Ait Benhaddu, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1987, inda aka ɗauki wani sashe na Gladiator. Gaskiya dai, wanda ya tashi yana ganin ganuwar Bauchi da soraye na ƙasa ba zai riƙe baki kamar yadda Bature ke yi ba. Duwatsun Atlas da ke kan hanya su ne abin kallo. Mutanen Maroko Malikawa ne kamar mu, kuma masu son ziyarar zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas sai su haɗa. Kada ka ɗauki jirgi mara matuƙi don ɗaukar hoto, kwastan na ƙwace shi a filin jirgi.

Kashmir tana da kyan da ake faɗa, har da ƙari, amma batun tsaro ba wasa ba ne. A ranar 22 ga Afrilu 2025 'yan bindiga sun kashe mutum 26 a filin Baisaran kusa da Pahalgam, kusan duk masu yawon buɗe ido. Wanda zai je ya bi labarai har ranar tashi, ya yanki tikitin da ake iya canzawa. Layin waya na kati da aka saya a Delhi ba ya aiki a can. Bizar Indiya tun daga gida ake nema, kuma Indiya ba ta sassauci a kan katin rigakafin shawara: wanda ya sauka daga Najeriya ba tare da ingantacce ba, ana iya killace shi har kwana shida.

Akwai kuma shuɗin tafkin nan da aka rufe fim ɗin 3 Idiots na 2009 da shi. Pangong ne sunansa, a yankin Ladakh na arewacin Indiya, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, domin ana mutuwa a kan abin da ba a sani ba. Gombe da Bauchi ba su kai mita 700 a kan teku ba. Garin Leh, inda jirgi ke sauka, yana wajen mita 3,500. Tafkin ya haura 4,200, kuma hanyar zuwa tana ratsa mashigar Chang La da ta wuce 5,300. A bakin tafkin, iskar da huhu ke samu a numfashi ɗaya kusan kashi 60 cikin 100 ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ciwon tudu kan fara ne daga mita 2,500, awa shida zuwa goma sha biyu bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Shi ya sa hukumar Leh ta wajabta wa baƙi hutun awa 48 kafin su ƙara hawa. Idan mutum ya fara haki yana zaune, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, magani ɗaya ne, a gangara da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Mu kuma muna da ƙarin haɗarin da littattafan yawon Turawa ba su cika ambata ba. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS da ba ya jin komai a gida, idan ya hau irin wannan tudu kwatsam, ya haɗa da gajiya da ƙarancin shan ruwa, jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Mai sikila, SS ko SC, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, kada su hau sai likita ya amince. Ku biyun ku yi gwajin sikila ku san ko AA kuke ko AS kafin ku biya kuɗin kowane dutse, har da na Suwizalan. Baƙo kuma ba ya zuwa Pangong sai da takardar izini ta musamman, wadda ake samu ta hannun kamfanin tafiye-tafiye mai rajista a Leh.

Idan ran ya nace sai Suwizalan, to a tafiya ta biyu ko ta uku, ga yadda take. Bizar Shengen ake nema, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa in an hana. Dole ne inshorar lafiya da za ta iya biyan yuro 30,000, fasfo mai shafi biyu babu komai, wanda zai ƙara wata uku bayan ranar fitowarku. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. A ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema, kada ejan ya ce ku nemi ta wata ƙasa don ta fi sauƙi. Kuɗin Suwizalan faran ne, ba yuro ba. Tikitin jirgin ƙasa daga Interlaken zuwa Jungfraujoch, tashar da ta fi kowace tsawo a Turai, mita 3,454, ya haura faran 200 ga mutum ɗaya, zuwa da dawowa. Kada ka saye shi tun daga Gombe. Akwai kyamarori a saman dutsen da ke nuna yanayi kai tsaye a intanet da allunan tasha. Ka duba da safe, idan gajimare ya rufe, ka ɗage zuwa gobe, in ba haka ba farin hazo za ka biya ka kalla. Zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, don haka idan digiri 24 ne a Interlaken, ka sa ran biyar ko ƙasa da haka a sama.

Idan Hajiya na sa niƙabi, ku sani daga 1 ga Janairun 2025 dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki a faɗin Suwizalan, har da baƙi. Tarar faran 100 ce, tana iya kaiwa 1,000. Hijabin da bai rufe fuska ba babu laifi. Faransa da Ostiriya ma suna da irin dokar. Lokutan salla kuma za su ba ku mamaki: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9:30 na dare, isha ta tafi can bayan sha ɗaya. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da jam'i da shafa a kan huffi kafin ku tashi.

Sanyi ba a tare shi da riga ɗaya mai kauri. Hawa uku ake yi: ta ciki mai manne jiki wadda ba ta riƙe gumi, suwaita a tsakiya, da jaket mai tare iska da ruwa a waje, don a riƙa cirewa ana ƙarawa. Shadda da auduga idan suka jiƙe sanyi suke ƙarawa. Takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa kayar da mutum yake a kan ƙanƙara, a nemi mai kaushin tafi. Safar hannu, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau, domin hasken da ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona ido. Duk waɗannan 'yan gwanjo na da su, a kan kuɗin da bai kai kusa da na can ba. Batirin waya na mutuwa da wuri a sanyi, a ajiye ta a aljihun ciki.

Yanzu takardu, waɗanda da su za ka fara tun gobe, ko wace ƙasa kuka zaɓa. Ka fito da fasfunanku na Hajji ka duba: a samu aƙalla wata shida a gaba bayan ranar dawowa. In sabuntawa za a yi, daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Abin da ke maƙalar da fasfo shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakaninsa da NIN, nan Muhammad can Mohammed, kuma gyaran kan ci makonni, don haka a fara da shi. Rigakafin shawara sai bayan kwana 10 yake fara aiki a takarda, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A karɓi katin a ofishin lafiya na filin jirgi, a yi allurar da gaske, kada a sayi kati a hannun ɗan kamasho.

Ma'aikacin biza tambaya biyu yake yi wa takardunka: kuɗin nan naka ne, kuma za ka dawo? A nan ne 'yan kasuwarmu ke faɗuwa, ba don ba su da kuɗi ba, sai don kuɗin ba ya bi ta banki. Ciniki a hannu, adashi, asusun POS uku da sunan yaran shago. Sai an zo neman biza a zuba miliyoyi a asusu rana ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ke sa a yi zargin aro aka yi. Daga yau ka tattara cinikinka ya riƙa bi ta asusu ɗaya mai sunanka ko na kasuwancinka, ya yi wata shida yana shiga yana fita. Ka haɗa da rajistar CAC, da takardar biyan haraji, da takardar shago ko fili, da shaidar aure, da wasiƙar cewa kai ne ke ɗaukar nauyin Hajiya. Hatimin Saudiyya ya nuna kun fita kun dawo, amma shi kaɗai bai cika gamsar da ƙasashen Turai ba. Idan ya haɗu da na Turkiyya ko Maroko, magana ta fara ƙarfi. Ejan da ya ce maka biza tabbas ce in ka ƙara kuɗi, ka tashi daga ofishinsa. Ba shi ke bayarwa ba, kuma abin da irin su ke yi shi ne cusa bayanin banki na jabu ko kamun otal na bogi, ofishin jakadanci ya buga waya ya gano. Ƙasashen Shengen rumbu ɗaya suke amfani da shi, bayanin hanawar yana zama a ciki shekara biyar, kuma sunanka ne a kai ba nasa ba. Duk takardar da za a miƙa da sunanka, ka karanta ta ko a karanta maka. Tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kada a biya sai biza ta fito.

Wajen lissafi, ka yi shi da kuɗin ƙasar da za ka, ba da naira ba, ka ware kashi ɗaya cikin biyar na gaba ɗaya ka manta da shi, don canji na iya motsawa tsakanin ranar biza da ranar tashi. Tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 dole a bayyana ta ga kwastan. Guzuri kuma a yi hattara: kilishi da dambun nama da man shanu da duk dangin nama da madara an hana shiga da su ƙasashen Tarayyar Turai da Suwizalan daga Najeriya. Magungunan da kuke sha su tafi a kwalinsu na asali tare da takardar likita, musamman masu ɗauke da kodin ko tiramadol, waɗanda a wasu ƙasashe kai tsaye gidan yari suke kai mutum.

Sai hanyar fita daga Gombe. Tikitin jirgin Lawanti zuwa Abuja da tikitin ƙasar waje yarjejeniya biyu ce daban. Idan na gida ya makara ko aka soke shi, abin da ya zama ruwan dare musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙurar hunturu ke hana sauka, kamfanin ƙasar waje ba ruwansa, za a rubuta ba ku zo ba, kuma galibi har tikitin dawowa ke rushewa tare da na tafiya. Ku isa Abuja ko Kano kwana guda kafin ranar, ku kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi, da kwafin kamun otal da tikitin dawowa da inshora a kan takarda, a jakar hannu, domin ana iya neman su tun a teburin awon kaya, a kuma sake nema a wurin jami'in shige da fice na can.